Naman Kaza Mai Nono da Bishiyar da Yake Bi

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, ma'aikatan gandun daji, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata. Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin zan yi magana a kan wata halitta da yawancinmu muka saba shurewa da ƙafa idan muka gan ta a bakin hanya bayan an ɗauke ruwa.

Ku dubi sunayen da muka ba ta: naman kaza, lemar kwaɗi. Mun bar wa kaji ita, mun bar wa kwaɗi. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, yaro ya ɗauko ta sai a buge hannunsa, a ce ya je ya wanke. Amma maƙwabtanmu Gbagyi da Nufawa da Tibi, da Yarabawa masu kiran ta olu, da Ibo masu kiran ta ero, sun daɗe suna miya da ita. Sun san wadda ake ci, sun san wadda ake gudu. Abin da ya raba mu da su ilimi ne, kuma ilimi abin nema ne.

Yau zan tsaya a kan dangi guda, wanda zan kira naman kaza mai nono. Abin da nake so ku tafi gida da shi shi ne: wannan naman kaza ba a gane shi da duban ƙasa kaɗai. Sai an ɗaga kai an ga bishiyar da ke tsaye a kansa.

Abin da ido ke gani da abin da ke ɓoye

Wannan 'yar lema da muke gani a bisa ƙasa 'ya'ya ce kawai, kamar yadda ƙwallon mangwaro yake ga bishiyarsa. Ainihin jikin halittar yana cikin ƙasa, fararen zaruruwa ne sirara, sun fi saƙar gizo laushi, suna ratsa ƙasa suna yaɗuwa shekara da shekaru ba tare da kowa ya sani ba. Idan damina ta kankama, ƙasa ta jiƙe sosai, sai su dunƙule su turo lemar waje. Aikin lemar shi ne ta zubar da iri, wata ƙura mai laushin gaske da iska ke ɗauka.

Lemar tana da sassa uku da za mu riƙa ambata. Akwai hula a sama. Akwai haƙarƙari, wato siraran shafukan nan da ke jere a ƙarƙashin hular, inda ƙurar iri ke fitowa. Akwai kuma ƙafa, wadda ke ɗauke da hular.

Alamun dangin mai nono

Bahaushe ya riga ya san nonon tsiro. Mun san nonon tumfafiya, mun san nonon tinya, mun san wanda ke tsatsowa daga ɗanyar gwanda idan an karce ta. Wannan naman kaza ma haka yake. Idan ka ja bakin wuƙa ko farce a kan haƙarƙarinsa, sai ka ga ɗigon ruwa mai kauri ya taru a wurin yankan. Saboda wannan ne masanin nan Christiaan Hendrik Persoon ya raɗa wa dangin suna Lactarius a shekarar 1797, daga kalmar Latin mai nufin nono. A shekarar 2008 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa abin da ake ɗauka gida ɗaya ne ashe ya fi haka, sai aka ware da yawa daga cikinsu aka kira su Lactifluus. Mafi yawan na ƙasashen zafi, har da namu na Afirka, a wannan gida na biyu suke. Duka gidajen biyu sun ƙunshi nau'i ɗaruruwa.

Alama ta biyu ita ce yadda yake karyewa. Yawancin naman kaza idan ka tsaga ƙafarsa sai ta yage zare-zare kamar rake. Ƙafar mai nono kuwa ɓallewa take yi ɗas, kamar alli ko ɗanyen dankali, domin tsokarsa cike take da dunƙule-dunƙulen ƙwayoyi masu siffar ƙwallo. Wannan hali ya haɗa shi da ɗan'uwansa Russula, wanda shi ma yake karyewa haka, sai dai ba shi da nono.

Alama ta uku, ba shi da jaka a gindi, yawancin nau'o'insa kuma ba su da zobe a ƙafa. Wasu irin naman kaza suna da wani zobe kamar siket a ƙasa da hula, gindinsu kuma yana zaune cikin wata jaka mai kama da fasasshen ɓawon ƙwai. Duk wanda ka ga yana da ɗayan waɗannan, ka yi nesa da shi, kuma zan dawo kansa domin nan haɗarin yake.

Alama ta huɗu, daga ƙasa yake fitowa, kusa da bishiya mai rai. Yawanci ba ya tsirowa a kan ruɓaɓɓen itace, ko kashin shanu, ko juji. Hularsa takan lotsa a tsakiya idan ya girma har ta zama kamar mazurari, haƙarƙarinsa kuma yakan ɗan gangaro kan ƙafa. Ƙurar irinsa fara ce, ko ta ɗan yi ruwan madara zuwa rawaya-rawaya.

Ku lura, alamun nan tare suke tafiya. Akwai wasu 'yan ƙananan naman kaza na dangin Mycena masu siririyar ƙafa kamar tsinke, su ma suna fitar da ruwa fari ko ja, amma ba 'yan gidan nan ba ne. Haka kuma mai nono na gaske idan ya tsufa ko rana ta busar da shi, kana iya yanka shi ka rasa ko ɗigo. Saboda haka matashi ake dubawa, mai ɗanyen jiki.

Mai nonon karas

Bari in ɗauki wanda ya fi shahara a duniya domin mu ga yadda ake aikin. Linnaeus, masanin Suwidin, ya rubuta shi a shekarar 1753, sannan Samuel Frederick Gray na Ingila ya mayar da shi cikin Lactarius a 1821. Sunansa Lactarius deliciosus, wato mai daɗi. Asalinsa ƙasashen Turai ne da kewayen Bahar Rum. Mutanen Sifen suna ce masa niscalo, a Folan rydz, a Rasha ryzhik. A Kataloniya ana soya shi da man zaitun da tafarnuwa, a Rasha kuma ana jera shi cikin tulu da gishiri a ajiye domin hunturu.

Hularsa ruwan lemo ce, faɗinta daga kamar santimita 4 zuwa 14, da zobba-zobban launi masu duhu suna kewaye ta, wani cikin wani, kamar saƙar faifai. Bakin hular a naɗe yake ciki lokacin ƙuruciya. Haƙarƙarinsa ma ruwan lemo ne, a matse da juna. Ƙafarsa gajera ce, mai rami a ciki idan ya girma, jikinta da 'yan ƙananan lotsattsun tabo masu launi mai ƙarfi, kamar an danna da kan tsinke. Idan ka yanka shi, nonon launin karas ne sak. Wurin da aka murza ko aka ƙuje, bayan wani lokaci sai ya juya kore. Baƙo yakan ga koren nan ya tsorata ya ce ya ruɓe, alhali shaida ce daga cikin shaidunsa. Wanda ya ci da yawa ma yakan ga fitsarinsa ya yi ja-ja, kuma wannan ba ciwo ba ne, launin ne ke fita.

To, ina ake samun sa? A ƙarƙashin bishiyar fayin, mai ganye kamar allura, daga ƙarshen bazarar Turai zuwa kakarsu, musamman watan Satumba zuwa Nuwamba. Yana son inda bishiyoyin ba su cushe ba, gefen hanya cikin gandu, inda ciyawa gajera take kuma rana na ɗan leƙowa.

Yanzu ku ga amfanin bishiya. Akwai wani mai kama da shi ƙwarai, Lactarius deterrimus, shi ma nononsa launin karas, shi ma yana yin kore. Ana cin sa, amma bai kai na farko daɗi ba. Shi a ƙarƙashin bishiyar Picea yake, wata 'yar'uwar fayin. Akwai kuma Lactarius torminosus, wanda daga nesa hularsa ke da zobba irin na mai nonon karas, sai dai ta fi karkata ga ruwan hoda, bakinta da gashi kamar ulu. Nononsa fari ne, ba ya sauya launi, yana ƙona harshe kamar barkono, kuma wanda ya ci shi ɗanye zai sha murɗar ciki da amai da gudawa. Mutanen Finlan da Rasha sai sun tafasa shi sun zubar da ruwan, ko sun jiƙa shi sun gishirta, kafin su ci. Shi kuma bishiyarsa Betula ce, wata bishiyar ƙasashen sanyi mai farin ɓawo. Naman kaza uku ke nan masu kama da juna, kowanne da bishiyarsa. Kama da wane ba wane ba ne.

Launin nono da warinsa sun bambanta ƙwarai a wannan dangi. Lactarius indigo na Amurka da Meziko da Guwatemala nononsa shuɗi ne kamar ruwan baba na marina. Lactarius chrysorrheus nononsa fari yake fitowa, nan take ya koma rawaya. Lactifluus volemus, wanda ake ci a Japan da lardin Yunnan na Sin, nononsa fari ne mai yawan gaske, yana barin tabo ruwan ƙasa a hannu, kuma yana ƙarnin kifi. Lactarius helvus ruwansa garai-garai ne, idan ya bushe yana ƙamshin hulba, amma yana ɓata ciki. Shi ya sa mai dubawa ba ya gaggawa. Yakan ɗiga nonon a kan farin ƙyalle ko takarda, ya jira, ya ga ko zai sauya.

Me ya ɗaure shi da bishiya

A shekarar 1885 wani Bajamushe, Albert Bernhard Frank, ya bayyana abin da ya gani a saiwoyin bishiyoyin daji, ya kuma ba shi suna maikoraiza, daga kalmomin Girka biyu masu nufin naman kaza da saiwa. Zaruruwan nan na cikin ƙasa suna naɗe kan ƙananan saiwoyin bishiya kamar safa, suna kutsawa tsakanin ƙwayoyin fatar saiwar. Daga nan sai su bazu cikin ƙasa, su shiga ƙananan kafofin da saiwa ba ta iya shiga, su janyo ruwa da sinadaran fosfaras da naitirojin su miƙa wa bishiya. Ita kuma bishiyar ta ba su sukarin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. Cuɗe ni in cuɗe ka. Naman kaza ba shi da koren ganye, ba ya iya haɗa abincinsa, mai nono kuma ba ya iya rayuwa da ruɓaɓɓen itace kawai. Rabuwa da bishiyarsa ita ce mutuwarsa.

Bishiyar ma tana jin rashinsa. A tsibirin Fotoriko an yi shekaru ana dasa fayin, dashen yana yin rawaya yana tsumburewa. A 1955 aka ɗebo ƙasa daga gindin fayin a jihar Karolina ta Arewa a Amurka aka zuba wa wasu dashen, sai suka miƙe, waɗanda ba a zuba wa ba suka ci gaba da lalacewa. Abokan saiwarsu ne suka iso cikin ƙasar nan. Ta irin wannan hanya ce mai nonon karas ya bi fayin ya isa Ostireliya da Niyu Zilan da Cile, inda a yau ake tsintar sa a gandayen da mutum ya dasa.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a noma mai nono a cikin buhun dusar katako kamar yadda ake noma wasu irin naman kaza a ɗaki. Wanda yake son sa sai ya mallaki bishiya.

Dajin doka

Wani zai ce, Malam, duk wannan labarin ƙasashen sanyi ne. To mu dawo gida.

Yawancin bishiyoyin gonakinmu, kuka da ɗorawa da kaɗanya da gawo da darbejiya, su ma suna da abokan saiwa, amma na wani iri dabam, masu zama a cikin saiwar, waɗanda ba sa fitar da lema. Kada ka ɓata lokaci kana neman mai nono a gindinsu. Bishiyoyin da yake bi a Afirka ta Yamma kaɗan ne, kuma Bahaushe ya san su da suna: doka, farar doka, dokar rafi, kawo, da kafafago. Babbar cikinsu ita ce doka. Da masanan tsirrai Craib da Stapf suka zo ba ta sunan kimiyya a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗauki sunan Hausa suka ce Isoberlinia doka. Duk inda ake karanta ilimin tsirrai a duniya, da sunanmu ake kiran ta.

Kun san ta. Ita ce mai tsayawa garke-garke a dazuzzukan da suka fi ƙasar Kano da Katsina ruwan sama, irin na ƙasar Zazzau da Birnin Gwari, inda gandun Kamuku yake, har zuwa arewacin Binin da Togo da Gana. Sabon ganyenta ja yake fitowa yana sheƙi, kwasfar 'ya'yanta kuma idan ta bushe sai ta fashe da ƙara ta watsar da iri. A kanta ne tsutsar nan take kiwo wadda ake samun zaren tsamiya na aikin riga daga gidanta.

A ƙarƙashin irin wannan daji, idan ruwa ya zauna, daga watan Yuni zuwa Satumba, masu nono suke fitowa tare da danginsu Russula. A ƙasar Binin an yi aiki mai kyau a kan wannan. André De Kesel da Jean Codjia da Nourou Yorou sun wallafa littafin jagora na naman kazan da ake ci a ƙasar a shekarar 2002, kuma binciken da aka yi a dajin Wari-Maro ya nuna cewa Lactifluus gymnocarpoides yana cikin waɗanda suka fi yawan fitowa, mutanen ƙauyukan wurin kuma suna cin sa. Hularsa busasshiya ce, tsakanin rawaya da ruwan lemo, nononsa fari. A 2010 Annemieke Verbeken ta Jami'ar Ghent a Beljiyam, tare da Ruben Walleyn, suka fitar da babban littafi a kan masu nono na Afirka mai zafi. Can kudu kuma, a dajin miyombo na Zambiya da Tanzaniya da Malawi da kudancin Kwango, wanda bishiyoyinsa dangin doka ne, mata suna jera naman kaza a bakin titi duk damina. Ɗaya daga ciki, Lactarius kabansus, sunansa ma daga kabansa na harshen Bemba aka ɗauko shi.

Ku kwatanta da wanda wasunku suka fi sani, mai fitowa a kan suri. Wannan Termitomyces ne, gara ce ke noma shi a cikin gidanta, ƙafarsa tana da doguwar jela da ke nutsewa har cikin surin, ba shi da nono. Shi abokinsa gara, mai nono abokinsa doka. Kowane naman kaza da unguwarsa, kuma sanin unguwa rabin sanin mai gida ne.

Yadda za ka yi idan ka gamu da shi

Ɗalibai, wannan naku ne. Idan kun fita, inda tsaro ya ba da dama, kada ku tafi ku kaɗai, ku nemi mutumin wurin ya yi muku jagora. Kafin ka taɓa naman kazan, ɗaga kai ka rubuta sunan kowace bishiya da ke kewaye, domin saiwa tana tafiya nesa da gindi. Rubuta rana da wata da irin ƙasar, ja ce ko baƙa, tsakuwa ce ko jigawa. Sa wuƙa ka tono shi har gindi, kada ka yanke a sama, domin jakar nan ta masu guba a cikin ƙasa take ɓuya. Karya ƙafar ka ji yadda ta ɓalle. Karce haƙarƙarin, ka duba launin nonon nan take, ka sake dubawa bayan minti 5, da bayan minti 30. Shinshina. Ɗauki hoto ta sama da ta ƙasa da ta gefe, tun launinsa bai dushe ba. Zuba shi a kwando ko ka naɗe a takarda, kowane iri dabam, ban da leda, domin leda tana sa shi gumi ya ruɓe. Idan ka koma gida, cire hular ka kifa ta a kan takarda, rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi ya kwana. Da safe za ka ga hoton haƙarƙarin da ƙurar iri ta zana, ka san launinta.

Masana sukan taɓa ɗigon nonon da kan harshe su tofar, domin su ji ko yana da yaji. Wannan aikin gwanaye ne waɗanda suka riga suka tabbatar da dangin. Mai koyo ya bar shi.

Gargaɗi

Ina roƙon ku da girman Allah, kada kowa ya tashi daga wannan zama ya je ya dafa abin da ya tsinta saboda ya ji lacca. A cikin dangin Amanita, masu zobe da jaka da farin haƙarƙari, akwai irin su Amanita phalloides, waɗanda gubarsu ke lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe gubar. Mutum yakan yi awa 6 zuwa 24 lafiya ƙalau kafin amai da gudawa su fara, ya ɗan ji sauƙi, alhali hanta na can tana mutuwa. Akwai kuma wata babbar farar lema mai zobe da ke fitowa cikin ciyawar filaye a ƙasashen zafi, Chlorophyllum molybdites, wadda haƙarƙarinta ke yin kore-kore idan ta tsufa, tana jawo amai mai tsanani.

Maganar cewa abin da tsutsa ko dabba ta ci ba shi da guba, ƙarya ce. Maganar cewa cokalin azurfa yana yin baƙi a tukunyar mai guba, ita ma ƙarya ce. Ba a ci sai wanda ya san irin, a wannan dajin, ya duba kowane guda ya tabbatar. Ba a ci ɗanye. Wanda ya ci ya ji ba daidai ba, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida.

Kammalawa

A Suwizalan an yi kusan shekara 30 ana gwaji a daji, aka wallafa sakamakon a 2006. An gano cewa tsinkar naman kaza ba ta rage fitowarsa a shekarun gaba, amma tattake ƙasar wurin yana ragewa. Ke nan mai kwando ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne gatari. Duk wanda ya bi manyan hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi a jere ya san inda dazuzzuka suke tafiya. Ranar da aka sare garken doka, zaruruwan da ke manne da saiwoyinta sun rasa mai ciyar da su, kuma lemar da ke fitowa a wurin kowace damina ta daina.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatan gandun daji da masu unguwanni, idan za a buɗe gona ko a yi gawayi, a bar garken doka da kawo a tsaye, kada a share ƙasa ƙarƙaf. Ina kira ga ɗalibanmu, ku je wurin tsofaffin matan ƙauyukan da ke bakin dajin doka, ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaye su sunan kowane iri da harshensu, da watan da yake fitowa, da gindin bishiyar da suke samun sa. Ku rubuta, ku haɗa da hoto, ku busar da samfuri ku kai sashen ilimin tsirrai na makarantarku. Duniya ta karɓi sunan doka daga bakinmu. Ya dace mu ma mu san abin da ke tsirowa a gindinta.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.